Wa Aka Gayyata Jibin Ubangiji?

A yawancin majami'un da ake sujada da Hausa, daga Jos zuwa Wusasa zuwa Mubi, akwai Lahadin da ba a tashi da wuri. Bayan wa'azi da baiko, sai a sallami yara da waɗanda ba su yi baftisma ba, sauran su matso kujerun gaba. Can gaban bagade ga tebur lulluɓe da farin ƙyalle. Dattawa biyu su kama bakin ƙyallen, su ɗaga a hankali su ninke, sai ga faranti da burodin da aka yayyanka ƙanana, ga tire mai ramuka cike da 'yan kofuna. Fasto ya karanta Nassi, ya yi godiya, ya kakkarya gurasa, dattawa su bi layi-layi suna miƙawa. Kowa ya riƙe nasa shiru har rabo ya kai ga na ƙarshe, sannan a ci tare. Abin da ke shiga bakin mutum bai cika loma ba, amma a kan wannan loma ikkilisiyoyi sun rabu, an ƙona mutane a Turai, kuma har gobe akwai masu zama a bencin baya suna kallo da hawaye.

Asalin abin sananne ne. A daren da aka ci amanar Yesu, a Urushalima, lokacin Idin Ƙetarewa da Yahudawa ke tuna fitowar kakanninsu daga bautar Masar, ya zauna cin abinci da almajiransa. Ya ba su gurasa ya ce jikinsa ne, ya ba su ƙoƙo ya ce jininsa ne na alkawari, ya umarce su su riƙa yin haka don tunawa da shi. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne irin mutanen da ke zaune. Akwai Bitrus, wanda kafin carar zakara zai yi musun saninsa sau uku. Akwai sauran da za su watse su bar shi a hannun masu kama shi. Luka ma ya ce a wannan zaman gardama ta ɓarke tsakaninsu kan wane ne babba. Waɗannan ne aka fara miƙa wa gurasar, kuma mai miƙawar ya san halin kowa.

Bayani mafi tsufa da muke da shi a rubuce yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55, kafin Linjilolin su fito. Bulus bai ɗauki alƙalami don ya yi falsafa a kan gurasa ba. Ransa ne ya ɓaci. A lokacin babu gine-ginen majami'a, a gidajen masu hali ake taruwa, kuma jibin cikakken abinci ne. Koranti birni ne na tashar jiragen ruwa da fatauci. Masu abin hannu su zo da wuri da kwanukansu, su ci su ƙoshi, wasu har su bugu. Bawa da ɗan dako, waɗanda sai rana ta faɗi ake sallamarsu, su iso su tarar an sha miya an lashe kwano. Bulus ya ce musu kai tsaye wannan ba jibin Ubangiji ba ne, sun raina ikkilisiyar Allah, sun kunyata marasa abu. Gargaɗin nan da ake karanta mana duk Lahadin jibi, cewa kowa ya binciki kansa kada ya ci ta hanyar da ba ta dace ba, daga cikin wannan faɗan ya fito. Shawarar da ya rufe da ita kuwa mai sauƙi ce: su jira juna. Laifin da ya sa aka fara rubuta gargaɗin shi ne cin abinci a gaban ɗan'uwa mai yunwa.

Bayan kusan shekara ɗari, wajen 150, Yustin Shahidi ya bayyana wa sarkin Roma yadda Kirista ke sujada ran Lahadi. Bayan an ci an sha, dikinoni su ɗauki rabon waɗanda ba su samu zuwa ba su kai musu. A zaman nan kuma ake tara gudummawar marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. Teburi da kwandon taimako a wuri ɗaya suke.

Da tafiya ta yi nisa, hankalin malamai ya koma kan wata tambaya: me ke faruwa da gurasar kanta? Cocin Katolika, a majalisar Lateran ta 1215, ta tabbatar cewa ainihin gurasa da ruwan inabi suna juyewa su zama jiki da jinin Almasihu, ko da yake kamanni da ɗanɗano ba su sauya ba. Martin Luther ya ƙi wannan bayanin, amma ya tsaya kai da fata cewa Almasihu yana nan da gaske cikin gurasa da ƙoƙon. Zwingli na birnin Zurich ya ce alama ce da tunawa. A 1529 aka zaunar da su biyun a Marburg, ƙasar Jamus. Suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, na jibi ya gagara, suka tashi baram-baram. Wannan gadon ne mishan-mishan suka sauke mana: SIM da ta haifi ECWA, SUM da COCIN da LCCN suka fito daga cikinta, CMS ta Angilika, da limaman Katolika. Shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya za su je jana'izar mahaifiyarsu, ɗan Katolika ya fita ya karɓa, ƙanensa ɗan ECWA ya zauna.

Ban raina wannan gardama ba. Mutumin da ya gaskata yana karɓar jikin Ubangijinsa ba zai ɗauki abin da wasa ba, kuma ya cancanci a girmama imaninsa. Damuwata ita ce a majami'unmu tambayar Bulus ta ɓace, wata ta maye gurbinta: wa ya isa ya ci?

Kowa ya san abin da ake nufi in aka ce an sa wane ƙarƙashin horo. A sanar a gaban jama'a, a dakatar da shi daga jibi, a wasu wuraren a nuna masa benci na musamman. Horo yana da tushe a Nassi, kuma ikkilisiyar da ba ta tsawatarwa ta zama dandali. Sai dai a dubi waɗanda igiyar ke kamawa. Yarinyar da ta yi ciki ba aure ba ta da inda za ta ɓoye, cikin ne ke tona ta; wanda ya yi mata sau da yawa ya sulale wani gari, can ya miƙa hannu ya karɓa. Dattijon da bishara ta same shi da mata biyu yakan shekara talatin yana share majami'a yana ba da zakka, bai taɓa ɗanɗana gurasar ba. Taron bishof-bishof na Angilika a Lambeth ya hana irinsa baftisma a 1888, sai a 1988 aka sassauta, amma a wurare da dama tsohuwar ƙa'idar na nan daram. A gefe guda, ɗan kwangilar da ya danne haƙƙin leburorinsa, da 'yar kasuwar da ke algus a mudu, da dattijon da ya rantse ba zai yarda ɗan wata ƙabila ya zama fasto a garinsu ba, duk suna kujerar gaba. Zunubin da ido ke gani ake hukuntawa. Wanda ya fi kama da na Koranti, wato raina talaka da wariya, ba a ko ambatarsa a zaman dattawa.

Akwai kuma waɗanda ba wanda ya hana su, su suka hana kansu. An cika musu kunne da tsoro har suna ganin sai ranar da suka zama tsarkaka za su matso. Alhali ko a daren nan na Urushalima ba a jira ranar ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), wadda ta faro a Garkida a 1923, ta riƙe wani abu da ya kamata sauran su duba. Linjilar Yohanna ba ta kawo labarin gurasa da ƙoƙo a wannan dare ba. Abin da ta kawo shi ne Yesu ya tuɓe mayafi, ya ɗaura tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa. 'Yan EYN na yin haka kafin jibi. Maza a gefe, mata a gefe, a kawo kwano da ruwa. Mutum ya durƙusa, ya kama ƙafar da ta sha ƙura da faso, ya wanke ya goge, sannan shi ma a wanke tasa. Ba ya zaɓen wanda ke kusa da shi. Wataƙila shugaban makaranta ne a gaban mai gadi, wataƙila wanda suke rigimar gona ne. Yana da wuya ka tashi daga nan ka ci gurasa da gaba a zuciya. Wannan ikkilisiya ce Boko Haram ta ɗaiɗaita, ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi a 2014, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yanta ne. Mutanen da suka binne nasu da yawa haka sun san cewa yafiyar da ake tunawa a teburin nan ba arha ba ce.

Saboda haka, iyayenmu fastoci da dattawa, kafin Lahadin jibi mai zuwa a buɗe littafin waɗanda ke ƙarƙashin horo. A duba wa ya shekara nawa, wa aka manta da shi, wa aka hukunta shi kaɗai a laifin mutum biyu. A taka a je gidajensu. Tsofaffin da ƙafa ta gaza da marasa lafiyan da ke kwance a kai musu rabonsu har gado. Wanda kuma aka san yana riƙe da gumin ma'aikacinsa, a kira shi a gaya masa ya biya kafin ya miƙa hannu.