Wasiƙun Nisha Zuwa Ga Uwar Da Ba Ta Taɓa Gani Ba

Duk mai ɗa ko ƙane ɗan shekara goma zuwa sha huɗu da ke karanta Turanci, ya nemo masa The Night Diary na Veera Hiranandani. Amma ya fara karantawa da kansa kafin ya miƙa, don idan yaron ya kama, ba zai sake shi ba. Littafin ya fito a 2018, ya samu lambar yabo ta Newbery Honor a Amurka a 2019, kuma wallahi ya ci a ba shi fiye da haka.

Mu nan da finafinan Indiya muka tashi, mun haddace waƙoƙinsu da sunayen jarumansu, amma da wuya ka ji ana zancen 1947, shekarar da Turawan Ingila suka tattara nasu ya nasu aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Wani lauya mai suna Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, shi aka ba makonni biyar ya shata iyaka. Mutane sama da miliyan goma suka bar gidajensu, ɗaruruwan dubbai suka rasa rayukansu. Marubuciyar ta ɗauki wannan babban tashin hankali ta sa shi a bakin yarinya guda.

Sunanta Nisha. Ranar 14 ga Yuli 1947 ta cika shekara 12, sai Kazi, kukun gidansu, ya ba ta kyautar dayari. Yarinya ce da magana ke maƙale mata a wuya in tana cikin mutane, don haka kowane dare sai ta zauna ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa, mahaifiyar da ta rasu wajen haihuwarta ita da ɗan'uwanta Amil, tagwaye. Uwar Musulma ce, uban Hindu ne, likita a garin Mirpur Khas. Garin ya faɗa ɓangaren Pakistan, dole su tashi zuwa Indiya. Kazi kuwa Musulmi ne, shi zai tsaya.

Abin da ya kashe min jiki shi ne Nisha ba ta san gobe ba. Mai rubuta tarihi ya san ƙarshen labari tun kafin ya ɗauki alƙalami. Ita kuwa abin da ta gani yau kaɗai take da shi. Manya na ƙus-ƙus a ɗaki, tana laɓe tana tsintar rabin zance. An hana su zuwa makaranta, ba wanda ya yi mata cikakken bayani. Tana jin sunan shugabanni irin su Gandhi da Nehru da Jinnah, tana tambayar uwarta: ita da rabinta Musulma rabinta Hindu, wace ƙasa ce tata? Kai mai karatu ka san abin da ke tafe, ita ba ta sani ba, sai ka riƙa juya shafi gabanka na faɗuwa.

Ga kuma kicin! Nan ne Nisha ke samun bakin magana. Tana tsaye gefen Kazi tana daka kayan ƙamshi, tana kallon yadda wake ke nuna, har ka ji kamar ƙamshin na tasowa daga takardar. Daga baya sun ɓuya a gidan kawunta Rashid, ɗan'uwan mahaifiyarta, wanda aka haifa da tsagaggen leɓe kuma ba ya magana. Su biyu suna girki tare shiru, tana satar kallon fuskarsa ko za ta ga kamannin uwarta. Wannan wurin ya sa ni hawaye.

Tafiyar ƙafar da suka yi cikin rana ma ba ta da sauƙin karantawa. Ruwan shansu ya zube, ƙishi ya kusa kashe Amil, uban da ke warkar da mutane a asibiti yana tsugune a kan ɗansa ba abin da zai iya. Marubuciyar ba ta ɓoye wa yara kashe-kashen da aka yi a jirgin ƙasa ba, amma ba ta ɗora laifin a kan addini guda ba. A kowane ɓangare akwai mai wuƙa, akwai mai buɗe ƙofa. Ba mamaki ta iya wannan adalci, domin mahaifinta yana yaro iyalinsu suka bar Mirpur Khas a 1947.

Turancin mai sauƙi ne, wasiƙun gajeru, akwai kuma jerin ma'anar kalmomi a ƙarshe, ɗan ƙaramar sakandare zai iya da shi. A 2024 ta fitar da ci gabansa, Amil and the After, inda labarin ya koma kan Amil. Ina roƙon mafassaranmu na Kano da Zariya su dubi na farkon nan, a mayar da shi Hausa.