Sharhi: Jirgin Hurricane na Trumpeter, da Hanyar Kano da Babu Ita a Kwalin

Duk wanda ya taɓa raka ɗan kasuwa daga Xiaobei zuwa titin Yide don sarin kayan wasan yara ya san yadda roba ke da arha a wannan lardi na Guangdong. To amma akwai wani nau'in kayan roba da ba na yara ba ne, wato ƙananan samfuran jirage da ake saya a warwatse cikin kwali, mutum ya zauna da gam da wuƙa da fenti ya harhaɗa da kansa. Kamfanin Trumpeter, wanda ya yi suna a wannan sana'a, yana garin Zhongshan ne, nan kusa da mu. A cikin kayansa, wanda ya dace mu duba shi ne Hawker Hurricane Mk.IIC Trop, jirgin yaƙin Ingila da aka yi wa gyara don ƙasashe masu zafi da ƙura.

An rage girmansa zuwa kashi ɗaya cikin 24. Faɗin fikafikan jirgin na ainihi ya ɗan haura mita 12, saboda haka samfurin ya kai kusan rabin mita. Ɗalibin da ke raba ɗakin kwana da mutum uku sai ya fara tunanin inda zai ajiye shi kafin ya biya kuɗi.

A wajen ƙira, kamfanin ya yi abin yabo. Hurricane, wanda Sydney Camm ya zana kuma ya fara tashi a 1935, jirgi ne mai jiki biyu: gabansa da fikafikansa ƙarfe, bayansa kuwa kyalle ne aka ɗame a kan firam na bututun ƙarfe da katako. Wannan ne ya sa makanikai ke iya dinke shi a filin daga idan harsashi ya huda shi. Samfurin ya nuna wannan bambanci, har yatsa na iya jin inda ƙarfe ya ƙare kyalle ya fara. Ga injin Merlin, ga igwoyi huɗu masu bakin milimita 20, ga kuma matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci kamar maƙoƙo. Ta munana jirgin, ta kuma rage masa gudu, amma ba don ita ba da rairayi ya cinye injin. Tayoyin roba mai laushi ne ba su burge ni ba, domin ba sa karɓar fenti yadda ya kamata, kuma goge layin da ke tsakiyarsu aiki ne.

Babban ƙorafina yana kan takardar da ke cikin kwalin. Za ta gaya maka inda za ka shafa ruwan ƙasa, inda za ka shafa launin rairayi, da shuɗin da ke ciki, amma ba za ta gaya maka yadda jirgin da aka ƙera a Ingila ya isa hamadar Masar ba. Alhali ta garinmu da yawansu suka bi. Bayan Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kai jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Hartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, jirgin Blenheim na gaba yana nuna hanya, Hurricane na biye. Kafin ƙarshen 1943 dubban jirage sun ratsa wannan hanya. A Boma ma, inda kakanninmu suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82, Hurricane ya yi aiki har ƙarshen yaƙin.

Wani zai ce ai kamfani kasuwa yake bi, masu sayensa Turawa ne da Japanawa da 'yan Sin. Haka ne. Amma layi uku na tarihi ba su da tsada, kuma mai saye a Landan ma zai ƙaru da su. Kwalin ya ɗauki jirgin tamkar ya faɗo daga sama a Arewacin Afirka, ba a ambaci lebururan da suka share filayen sauka ko suka gangara gangunan mai ba.

Shawarata ga wanda zai saya, kada ya bi takardar fenti ido rufe. Ya nemi tsoffin hotunan jiragen hanyar Takoradi a intanet, ya dusashe fentin, ya busa masa jan ƙura a tayoyi da ƙarƙashin fikafikai, ya kafa shi a kan allo da gangunan mai biyu a gefe, ya rubuta Kano, 1942. Wanda bai taɓa harhaɗa irin wannan ba kuwa, gara ya fara da ƙaramin sikeli na 1/72, ya bar wannan sai hutun sabuwar shekarar Sin.