Magina Masu Hana Ruwa Ratsa Bango a Filinge

Baƙon da ya taso daga Yamai ya bi ta Baleyara, ya ci kilomita wajen 180 ya sauka Filinge da rani, ba zai yarda ba in aka ce masa danshi na cin gini a ƙasar Kurfai. Yashi ne ko'ina, iska kuma a bushe take. Sai dai garin yana zaune cikin kwarin Dallol Bosso, tsohuwar hanyar kogin da ke gangarowa daga Azawak. Kogin ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, amma ruwansa na nan kwance ƙarƙashin yashi, shi ya sa rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi ba. Ruwan nan ba shi kaɗai yake tafe ba, yana ɗauke da gishiri da kanwa. Ya hau bango a hankali, rana ta shanye shi, ya bar farin gari a gindin gini, shafe ya kumbura ya zube.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na Turai ba safai ake gina shi a nan ba. Amma akwai tankin ruwa da ake binnewa, akwai ramin salga, akwai harsashin gida, kuma duk bangon siminti ne da ƙasa ta rungume. A nan ake gane magini na gaske.

Gwani ba ya fara da kwaɓa siminti. Sai ya ɗauki guduma ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Inda ya ji sauti ya fito tas, shafen na riƙe. Inda ya ji kwaf-kwaf, akwai rami a baya, sai a sare. Wani kan manna leda a jikin bangon ya bar ta ta kwana. In da safe raɓar tana saman ledar, iskar ɗakin ce ke da laima, taga ake bukata ba siminti ba. In tana bayan ledar, to ruwan daga cikin ƙasa yake zuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne sau da yawa gwani yakan bar bangon ya zagaya waje, ya duba inda indararo ke zuba, ya ce wa mai gida: "Alhaji, ga ɓarawonka nan. Mu kawar da ruwan nan daga gindin gini tukuna." In da hali, a tone bayan bangon a shafa kwalta a cike da tsakuwa, domin tare ruwa daga waje ya fi tare shi daga ciki sauƙi.

Sannan aikin hannu. Ana kankare bangon har sai sabon jiki ya fito, a goge kanwar da burushin ƙarfe, a jiƙa shi ya sha ya ƙoshi. Busasshen bango yakan tsotse ruwan sabon shafe kafin ya kama. Yashi kuwa sai an tankaɗe, kuma magini kan damƙa shi a tafin hannu ya buɗe: in ya bar jan laka a hannu, a wanke shi ko a nemo wani. Shafen farko ruwa-ruwa ne, siminti da yawa, kuma watsa shi ake yi da cokalin gini, da ƙarfi, ya shiga kowane ido na bangon ya bar shi da kaushi. Na biyu shi ne jiki, awo ɗaya na siminti da uku na yashi, kaurinsa wajen santimita ɗaya da rabi. A nan ake zuba garin hana ruwa, wanda aka fi sani da Sikalite, kilo 1 ga buhun siminti mai kilo 50. Kamfanin Sika da ke yin sa an kafa shi a Suwizalan a 1910, kuma ya yi suna ne wajen toshe yoyo a ramin jirgin ƙasa na Gotthard. Shafen ƙarshe tsagwaron siminti ne da ruwa, a murza shi har ya yi sheƙi.

Kusurwa ce ke tona asirin ragon magini. Inda bango ya haɗu da daɓe, nan ruwa ya fi son ɓullowa. Gwani ba ya barin ta da kaifi; sai ya cike ta ya ja gindin kwalba a kai, ta fito a lanƙwashe kamar cikin ƙwarya.

Kada a ɗauka da siminti wannan sani ya zo ƙasar Hausa. Marinan Kano, irin na Ƙofar Mata, sun daɗe suna shafe ramukan rini da laso, haɗin katsi da gashin awaki da dafara, baba ya yi ta zama a ciki bai tsiyaye ba. Masu ginin ƙasa kuma suna da makuba daga ɓawon ɗorawa.

Wuya tana wajen jira. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake so don ya yi ƙarfi, a Filinge kuwa iskar hunturu na iya busar da shafe cikin wuni guda ya tsattsage. Don haka ake rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa yayyafi safe da yamma har kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28. Mai gida yana ɗokin fenti mai sheƙi, magini yana ba shi haƙuri. Ni dai ina bayan magini: fentin mai a kan bango mai danshi asarar kuɗi ce, ruwan zai taru a bayansa ya tayar da ƙuraje. Farar ƙasa ta fi, tana barin bango ya fitar da laima.

In tanki ne, sai an gwada shi kafin a karɓi aiki. A cika shi da ruwa, a ja layi da fensir daidai bakin ruwan, a rufe, a dawo washegari. In ruwan ya sauka sosai, a kwashe shi, magini ya sake shiga da gudumarsa ya nemo inda yake fita.