Tsakanin Suna da Jana'iza: Sharhi a kan Littafin Chip War da Fim ɗin Welcome to Sodom

A gidanmu na Sabon Zongo akwai wata tsohuwar rediyo da kakana ya bari, ƙirar Akasanoma. Ta daina magana tun ina firamare, amma kakata ta hana a sayar wa masu kondem, duk da kullum sai sun ratsa lungunmu da baro suna cigiyar mataccen ƙarfe. Wannan rediyo ce ta riƙa faɗo mini a rai sa'ad da nake karanta littafin Chip War na Chris Miller, ita ce kuma ta sake faɗo mini da na koma na kalli fim ɗin Welcome to Sodom karo na biyu. Zan faɗi dalili nan gaba.

Wani mai sauraro ne ya jawo duk wannan. Ya bugo waya a shirina na yamma ya ce, "Malam, kullum kuna cewa Amurka da Sin suna rigima a kan wani abu da ke cikin waya. Wai mene ne abin nan?" Na yi ta kame-kame har lokaci ya cece ni. Na fito daga ɗakin watsa shiri da kunya, domin mai shela bai kamata ya rasa sanin abin da yake shelantawa ba. Shi ya sa na nemi littafin.

Ga amsar da na kasa bayarwa a ranar. A cikin kowace waya akwai wata 'yar ƙwaya baƙa da ba ta wuce farcen yatsa ba, wadda masu gyara ke kira ayisi. Da silikon ake yin ta, shi kuma daga yashi ake tace shi. A kanta ake zana taransisto, wato makunnin da ke buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe, kuma da wannan buɗewa da rufewa na'ura ke yin duk lissafinta. Rediyon kakana 'yan ƙalilan ne a cikinta, ana iya ƙirga su da yatsa. Babbar ƙwayar da ke cikin iPhone 12 tana ɗauke da biliyan 11.8. Ba za a iya cusa su haka ba sai an koma aiki da ma'aunin nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan a ɗauki kashi ɗaya. Kaurin gashin kan mutum ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Ilimin sarrafa abu a wannan ƙanƙanta shi ake kira fasahar nano.

Miller malamin tarihi ne a Jami'ar Tufts ta Amurka, littafin kuma ya fito a 2022. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsorata mai karatu da lissafi ba. Ta bakin mutane ya bi da labarin: waɗanda suka ƙirƙiro taransisto a ɗakin binciken Bell a 1947, Jack Kilby da Robert Noyce da suka gano yadda za a haɗa da yawa a kan ƙwaya ɗaya a ƙarshen shekarun 1950, Gordon Moore da ya yi hasashe a 1965 cewa adadinsu zai riƙa ninkawa, sai Morris Chang da ya kafa kamfanin TSMC a Taiwan a 1987. Babin da ya yi a kan Tarayyar Sobiyet darasi ne mai zaman kansa. Sun ɗauki hanyar sato ƙwayar Amurka su kwaikwaya, amma kafin su gama kwaikwayon ta bana, masu ita sun yi gaba da shekaru. Mai bin sawu ba ya wuce mai sawun.

Inda ya kwatanta injin kamfanin ASML na ƙasar Holan kuwa, sai da na ajiye littafin na yi tasbihi. Injin yana harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken leza sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya, don ya samar da wani haske mai tsawon zango nanomita 13.5 da ake zana taransisto da shi. Kamfani ɗaya ne tak a duniya ke ƙera shi, kuma kuɗin guda ya haura dala miliyan 100. Daga nan mai karatu zai gane abin da ya sa Amurka ta ware dala biliyan 52 a Agustan 2022 don dawo da masana'antar gida, ta kuma hana sayar wa Sin manyan ƙwayoyi da injinansu a Oktoban shekarar. Zai gane kuma abin da ya sa idon duniya ke kan Taiwan, tsibirin da ke yin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin da suka fi kowanne ci gaba.

To amma littafin yana da gibi, kuma daga Sabon Zongo gibin a fili yake. Miller daga tagar Washington yake kallon duniya. Tambayarsa ɗaya ce: wa zai yi nasara, Amurka ko Sin? Mai karatu zai rufe littafin yana zaton Afirka ba ta da ko ƙafar wando a wannan zance. Alhali nau'in taransiston da ke cike da wayoyinmu a yau, Mohamed Atalla, haifaffen Port Said ta Masar, shi da Dawon Kahng ɗan Koriya suka ƙirƙiro shi a 1959. Ma'adinin tantalam da ke cikin waya, kaso mai yawa daga Kwango yake fitowa. Zinare, wanda ake shafa wa mahaɗan allon waya don ba ya tsatsa, muna haƙo irinsa a Obuasi da Tarkwa. Sannan labarin Miller yana ƙarewa ne da zarar ƙwaya ta bar masana'anta ta shiga waya ko makami mai linzami. Ya halarci suna, ya ci tuwon suna, bai tambayi inda ake binne ta ba.

Mu kuwa mun san maƙabartar. Daga Sabon Zongo zuwa Agbogbloshie tafiyar ƙafa ce, ka ratsa Abossey Okai ka nufi bakin kogin Odaw. Nan ne wasu 'yan Ostiriya biyu, Florian Weigensamer da Christian Krönes, suka ɗauki Welcome to Sodom, wanda ya fito a 2018. Ba zan hana su haƙƙinsu ba, sun iya ɗaukar hoto. Yaron nan da ke jan maganaɗisu a cikin toka yana tsintar ɓarɓashin ƙarfe, da mai wa'azin da ke ta ɗaga murya babu mai saurarensa, sun daɗe a zuciyata. Hayaƙin da suka nuna ma ba ƙage ba ne. Idan iska ta juyo, mun sha shaƙar ƙaurin robar wayar lantarki da ake ƙonawa don a ciro tagulla. Binciken da aka fitar a 2019 a kan ƙwan kajin da ke kiwo a wurin ya nuna cewa cin guda ɗaya ya ninka ma'aunin gubar dayoksin da Turai ta yarda jiki ya ɗauka a rana sau 220. Duk wanda ya ce babu cuta a wurin bai yi wa yaran adalci ba.

Matsalata da fim ɗin uku ce. Ta farko suna. Saduma laƙabin cin mutunci ne da aka liƙa wa unguwar Old Fadama, kuma Musulmi da Kirista duk sun san abin da aka yi wa garin da ke da wannan suna. Idan ka kira mazaunin mutane da sunan garin da Allah Ya kife, ka riga ka yanke masa hukunci. Mutanen nan kuwa mun san su. Yawancinsu daga arewacin Gana suka zo neman abinci, muna haɗuwa a sahun Juma'a, muna sayen koko da ƙosai a wuri ɗaya.

Ta biyu lissafi. Tallan fim ɗin ya ce tan 250,000 na matattun na'urori ke sauka a wurin duk shekara daga ƙasashen waje. Amma binciken da aka yi ƙarƙashin Yarjejeniyar Basel ya nuna cewa a 2009 duk kayan lantarkin da suka shigo Gana baki ɗaya, sabo da na hannu, tan 215,000 ne, kuma mafi yawan na hannun suna aiki ko suna gyaruwa. Binciken ya kuma gano cewa har kashi 85 cikin 100 na sharar lantarkin Afirka ta Yamma daga gidajenmu take fitowa, bayan mun mori kayan. Wato firjin da ke ƙonewa a hoton yana iya zama wanda ya yi shekara goma yana sanyaya ruwa a Nima. Wannan labari bai kai na farko daɗin tausayi ba, shi ya sa ba ya tafiya. Ni ma da bakina na sha faɗa a rediyo cewa Agbogbloshie ce jujin lantarki mafi girma a duniya, ban taɓa tambayar wanda ya auna ba.

Ta uku, kyamarar ta fi son wuta da hayaƙi a kan hannu da basira. Mutumin da aka nuna wa duniya a matsayin abin tausayi kawai, da wuya a zauna da shi a teburin shawara. Ran 1 ga Yulin 2021 aka shigo da katafila aka share filin 'yan gwangwan, a cikin shirin tsabtace Ankara na ministan yankin na lokacin, Henry Quartey, aka kuma mayar da 'yan kasuwar albasa Adjen Kotoku. Ban ce fim ne ya turo katafila ba. Abin da na ce shi ne, wurin da aka shekara ana kira Saduma ba ya samun mai kuka idan an rushe shi. Ƙone-ƙonen kuma bai tsaya ba, ya dai watsu cikin unguwanni, ya ƙara matsowa kusa da ɗakunan kwana.

Tsakanin sunan da Miller ya halarta da jana'izar da 'yan Ostiriya suka ɗauka akwai rayuwa guda, kuma a nan muke. Ku je Tip Toe Lane a Circle ku gani. Ƙanen wani abokina yana da teburin gyara a can. Na tsaya a kansa yana ɗaga ayisi daga allon matacciyar waya da iska mai zafi, idonsa a madubin ƙara girma, ya gyara mata ƙafafu ya dasa a wata wayar, ta kama. Na ce masa, "Ƙanena, wa ya koya maka wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, maigidana da YouTube. Wayar da na kashe kafin in iya ta fi hamsin." Bai gama sakandare ba. Ba shi cikin littafin, ba shi cikin fim ɗin.

Abin mamaki, hujjar da ke nuna darajar wannan yaro tana cikin littafin Miller, ko da yake shi bai waiwayo ta nan ba. Asiya ba da injin ASML ta fara ba. A 1963 kamfanin Fairchild ya buɗe wurin harhaɗa taransisto a Hong Kong saboda arhar ma'aikata, yawancinsu mata, suna aiki da hannu da madubi. Taiwan ma da harhaɗawa ta fara a shekarun 1960. Sai gwamnati ta kafa cibiyar binciken masana'antu a 1973, ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka su koyo a 1976, ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, kafin a zo ga TSMC. Hawa-hawa, shekara ashirin da ɗoriya, ba a sauka daga tsanin ba.

A nan rediyon kakana ta shigo. A waɗannan shekarun na 1960, a Tema ake harhaɗa Akasanoma. Mun taka matakin farko kusan lokaci ɗaya da su, sai muka sauko muka jingine tsanin. Wannan babin ne nake so wani ya rubuta, kuma ba aikin Miller ba ne, namu ne. Mutanen yi ma ba mu rasa ba. Marigayi Thomas Mensah, haifaffen Kumasi, wanda ya taimaka wajen saurin ƙera zaren gilashin da intanet ke bi a kamfanin Corning, ya yi aiki a kan fasahar nano, ya kuma yi ta kiran a kafa cibiyar fasaha a Gana har ya rasu a 2024. Kenya ta buɗe 'yar masana'antar wannan fanni a Jami'ar Dedan Kimathi da ke Nyeri a 2021.

Kada a ce ina mafarki da rana. Babbar masana'antar ƙwaya tana cin dala biliyan 20 ko fiye, tana son tsabtataccen ruwa mai yawa da wutar da ba ta ƙiftawa, mu kuwa mun san dumso. Ba wannan nake nema ba. Ina neman a ɗauki masu gyara a matsayin ma'aikatan fasaha, a ba su horo da takardar shaida da kayan gwaji, a haɗa su da kwalejojin fasaha, a kuma yi aiki da dokar sharar lantarki ta yadda za a raba tagulla da roba ba tare da wuta ba. Da haka ake fara hawa.

Hukuncina ke nan. Chip War littafi ne da ya cancanci a karanta, har ma a fassara shi da Hausa, muddin mai karatu ya san cewa taswirar da ke ciki an yanke mata nahiya guda. Welcome to Sodom a kalle shi don hotonsa, amma kada a ɗauki lissafinsa, kada kuma a ari sunansa a yafa wa maƙwabta. Shi kuwa mai sauraron da ya kunyata ni, na ba shi amsarsa a wani shirin, ban kuma tafi ni kaɗai ba, da yaron Circle na shiga ɗakin watsa shiri. Ya fi ni iya bayani nesa ba kusa ba. Da muka fito na ba shi labarin Akasanoma, ya ce in kawo masa ita ya duba. Kakata ta yarda, da sharaɗin a gabanta za a buɗe.