Zaɓen Waƙar Shekara Tsakanin Dangi da Abokai

Idan kaka ta yi, aka gama girbi, aka kai gero da dawa rumbu, hunturu kuma ya fara busowa, a lokacin ne hira ta kan yi tsawo a ƙasar Hausa. Magidanta su kan taru a zaure bayan sallar lisha, samari su kewaye wuta a dandali, a yi ta taɗin abin da shekara ta zo da shi, na daɗi da na wuya. Da ƙyar irin wannan hira ta kan watse ba a taɓo zancen waƙa ba. Wani ya ce bana ba a yi waƙa kamar wance ba, wani ya ce a'a, ai wance ta fi ta nesa ba kusa ba, kafin a jima gardama ta kaure, har wanda bai iya rera ko baiti guda ba sai ya tsoma baki.

Wannan al'ada ta girmi rediyo. A zamanin da, sai wanda ya je fada ran salla, ko ya halarci wani babban biki, shi ne zai ji makaɗi da kunnensa, ya komo gida ya ba da labari. Daga baya garmaho ya zo da faifansa. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna, shirinsa na Zaɓi Sonka kuwa ya shiga ko'ina: mutum ya aika da kati, ya jera sunayen iyayensa da ƙannensa da abokansa na nesa, ya roƙa a gaishe su da waƙa kaza. Bayan haka kaset ya yi zamaninsa, yanzu kuma wayar hannu ta gaje su duka, yaro ya kan tura wa ɗan'uwansa waƙa kafin a ƙifta ido. Hanya ce kaɗai ta sāke. Wanda ya zaɓi waƙa ya miƙa wa danginsa kyauta ya yi, kyauta kuwa ita ke nuna hankalin mai ita. Saboda haka ya kamata a duba abin da a ke auna waƙa da shi kafin a ce ita ce ta shekara.

Yawancin masu zaɓe ba su kan wahalar da kansu ba. Wani sabuntar waƙa ce ta ɗauke shi, wani zaƙin kiɗa, wani kuwa don an ambaci sarkin garinsu ko jam'iyyarsu. Wannan na ƙarshe ya fi ɓarna. A shekarun 1950, sa'ad da NEPU da NPC ke ja-in-ja, kowane ɓangare yana da mawaƙansa, kuma waƙar da wa ya ɗauka zuma, ita ƙane ya ɗauka zagi. Irin waɗannan ba su haɗa zumunci, sai dai su raba shi. Akwai kuma waƙoƙin da a kan yi wa abin da ya auku a cikin shekara, kamar waɗanda makaɗa suka yi don faɗakar da jama'a sa'ad da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da sa'ad da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Sun yi amfani ƙwarai a lokacinsu, ba mai musun haka, amma da mutane suka saba da sabon kuɗi sai aikinsu ya ƙare, sai dai a tuna su don tarihi.

To, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne wannan. Galibin waƙoƙin makaɗan Hausa mutum guda a kan yi wa, ya biya da doki ko riga ko kuɗi. Idan aka cire wannan mutum, aka cire sunayen barorinsa da na waɗanda suka yi kyauta a wurin, me ya rage wa mai saurare wanda bai san shi ba, bai kuwa ci ko anini a ciki ba? Idan ba abin da ya rage, to, waƙar ta mai ita ce, a bar masa kayarsa. In kuwa an sami saura, wannan saura shi ne rabon jama'a, shi ne kuma abin da mutum zai iya aika wa ɗan'uwansa.

Babu wanda wannan ma'auni ya fi yi wa daɗi kamar Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Bisa ga zahiri ya kamata a ce waƙoƙinsa sun fi na kowa ƙunci, domin kuwa makaɗin fada ne, ubangidansa guda, fadarsa guda, harshensa kuma Hausar yamma ce, wadda Bakano ko Bazazzagi sai ya kasa kunne sosai kāna ya kama wasu kalmomi. Amma ga shi sarkin ya rasu, makaɗin ya rasu, waɗanda ya yi wa zambo su ma sun bi su, duk da haka mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Isa ba suna sauraron Bakandamiyarsa suna girgiza kai. Dalili shi ne Narambaɗa ba ya jefa kalma sai ya auna ta. Ya kan ɗauki abin da kowa ya sani, ruwa, ko dutse, ko namun daji, ko sana'ar wani, ya gina yabo a kansa, har mai saurare ya manta da wanda a ke yabo ya tsaya kallon ginin. Ko doki ma da ya yi wa waƙa, watau Ɗan Hilinge, ya ba shi girman da sarakuna da yawa ba su samu ba daga makaɗansu. Zambonsa kuma a lulluɓe ya ke, ba ya kama suna, wanda ya tsargu shi ya san kansa, don haka ana iya jinsa gaban manya ba wanda zai sunkuyar da kai. Abin da za a ce aibinsa ne kawai shi ne waƙarsa ba ta mai gaggawa ba ce. Wanda ya aika wa yaro ɗan shekara goma sha biyar ita, sai ya bi ta da bayani, in ba haka ba yaron kiɗan kotso kaɗai zai ji.

Sha'anin Alhaji Mamman Shata dabam ya ke, ya kuma fi wuyar yanke hukunci. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura, a tsakanin nan kuwa da wuya a sami shekarar da ba a ji sabuwar waƙarsa ba. Shi bai zauna a fada guda ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da mata da sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Apolo da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ƙarfinsa yana ga murya da saurin ƙirƙira: kalangu na tashi, 'yan amshi na riƙe da layi guda, shi kuwa yana zuba magana nan take, kamar mai ɗibar ruwa a kogi. Ba wanda ya kai shi iya sa taro ya motsa.

Amma fa wannan baiwa ita ce kuma ta jawo masa rauni. Wanda ke ƙirƙira a tsaye gaban taro ba shi da sukunin tankaɗe da rairaya. Shi ya sa a cikin waƙoƙinsa masu ɗimbin yawa akwai waɗanda, in an ɗora su bisa ma'aunin nan, aka zare sunayen mutane da na garuruwa da godiyar kyauta, ba abin da zai saura sai amshi da kalangu. Masoyansa ba su son jin haka, su kan ce ai ko jerin sunaye Shata ya yi, da daɗi. Gaskiya ne da daɗi, amma daɗin na muryarsa ne, maganar kuwa ba ta bar wa kowa guzuri ba. Inda ya natsu kuwa, kamar a tasa Bakandamiyar, inda ya ke wasa kansa yana ƙalubalantar sauran mawaƙa, nan a ke ganin Shata na sosai, mai habaicin da ke shiga jiki kamar ƙaya.

Akwai kuma zancen kunya, wanda bai kamata a tsallake ba tun da iyali a ke magana. Shata ya yi waƙar da ta shafi giya, ya yi waɗanda bakinsa ya yi kaifi ainun. Tsakanin abokai, ko tsakanin taubasai waɗanda wasa ya halatta musu, ba laifi a tura wa juna irin waɗannan a yi dariya. Amma ba wanda ke da tarbiyya da zai sa su gaban mahaifinsa ko surukinsa. Waƙa tana iya zama gwanar waƙa amma ba ta shiga kowane ɗaki ba. Masu zaɓe da yawa su kan manta da wannan, su gaishe da uwa da aboki da waƙa guda, alhali abin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗaya ba.

In ana neman wanda waƙarsa ta fi shiga kowane ɗaki, sai a waiwayi Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Kayan aikinsa abin dariya ne ga wanda bai ji shi ba: kuntigi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya guda, ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa. Waƙar da ta fara fito da shi kuwa ba sarki ya yi wa ba, karen mota ya yi wa, watau yaron da ke ɗora kaya, ya sa wa taya waigi a kan tudu, ya sha ƙura da tsawa, ba kuwa wanda ya taɓa zaton ya cancanci yabo. A nan ma'aunin ba shi da aikin yi, don ba wani ubangida da za a cire. Waƙar duka rabon jama'a ce. Haka Jawabin Aure, inda ya ke nuna wa miji da mata illar saki, yana jan hankalinsu su sasanta, da Auren Dole, da Gulma Wuya, inda ya ke sāke murya ya zama wannan ya zama wancan, kamar mai wasan kwaikwayo shi kaɗai. Irin waɗannan uba zai ji tare da 'yarsa, kowannensu ya ɗauki nasa ba tare da an dubi juna ba. Sau da yawa ma abin da ƙane ba zai iya faɗa wa wansa baki da baki ba, waƙar ta kan faɗa masa. Ko da ya ke wani lokaci wa'azin ya kan yi wa waƙar yawa, har ta zama kamar jawabin malamin tsabta da aka sa wa kiɗa, mafi yawansu labarin da ke ciki ya kan ɗauki nauyin nasihar, ba ta gundurar mai ji.

Game da waƙoƙin zamani, waɗanda a ke haɗawa a ɗakin ɗaukar murya da fiyano tun bayan da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990, dattawa su kan yi musu kuɗin goro su ce duk shirme ne. Wannan rashin adalci ne, gama a cikin masu yin su akwai waɗanda suka san Hausa, suka kuma iya tsara baiti. Sai dai kiɗan inji ya kan rufe wa mai raunin magana asiri fiye da yadda kotso ko kuntigi za su yi. Hanyar gane su mai sauƙi ce: a karanta kalmomin a fili ba kiɗa, a ga ko za su tsaya da ƙafarsu.

Wani abu kuma da hirar zaure ta kan manta shi ne cikin gida ma ana zaɓe, zaɓen kuwa ba lalle ya zo daidai da na maza ba. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiɗan amada da ƙwarya a bukukuwan mata, tana yi musu waƙa a kan kishi da haihuwa da riƙon sana'a, tana zuga mace ta nemi na kanta kada ta zauna jiran hannun miji. Maganarta a fili ta ke, wani lokaci har ta fi ta Shata rashin rufi, don ta san gaban wa ta ke yi. Magidanta da yawa sun yi ta gardama a zaure a kan Narambaɗa da Shata har dare ya raba, ba su taɓa tambayar matansu ba wace waƙa ce suka yi ta rerawa a bakin turmi tun daga damina har kaka.