Ina Ƙaurin Babbaka? Ƙamshi da Sallah a Ƙagaggun Labaranmu

Duk shekara, da azumi ya raba tsakiya, labaran Sallah kan fara zubowa cikin wayoyinmu, a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da Wattpad. Muna karanta su da marmari, kuma akwai masu kyau a cikinsu. Sai dai mun daɗe muna lura da abu guda da yawancinsu suka yi tarayya a kai: da zarar marubuci ya zo maganar ƙamshi, sai ya miƙo mana rasit. Jaruma ta fito daga wanka ta feshe jikinta da turare kala biyar, an jero sunayensu da ƙasar da aka sayo su, wani lokaci har da kuɗinsu. Jarumi ya shigo falo, ƙamshinsa ya riga shi sallama. Shi ke nan an gama da hanci, an koma kan leshi da mota.

Aiki ɗaya wannan turaren yake yi, wato shaida mana cewa mai shi yana da hali. Da za a cire shi a sa agogon zinare a madadinsa, labarin ba zai rasa komai ba. Alhali duk wanda ya yi Sallah a gidan Bahaushe ya san hanci ke fara ba da labarin zuwanta, tun ba a fita duban wata ba.

Ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah gida ya ɗauki ƙamshin suyar cincin da dubulan. Ga lallen da aka kwaɓa tun rana, ga sabuwar shaddar da aka ƙwato daga hannun tela da tsakar dare, ga takalmin robar da aka hana yaro sawa sai da safe, kowanne da nasa. Da asuba miyar taushe da man shanu su tashi mai barci. Babbar Sallah kuwa tata daban ce: warin ragon da ya kwana biyu a ɗaure a tsakar gida, ƙarnin jini a bakin kwata bayan an sauko daga idi, ƙaurin babbakar kai da ƙafa, da kitsen suya da ke kama labule har mako. Wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ta Kano ya san gumin doki da ƙura da hayaƙin albarushin 'yan bindiga. Rabin waɗannan ba su da daɗin shaƙa, amma da su aka gina Sallar da muke tunawa.

Ba za a ce harshe ne ya gaza ba. Hausa ta ware wa hanci kalmomi masu yawa. Ƙarni na jini ne da kifi da ɗanyen nama, ƙauri na abin da ya ƙone, zarni na fitsari, ga hamami, ga ɗoyi, ga bashi na naman da ya fara juyawa. Marubucin da ke da wannan rumbu a hannu, ya kuma kasa wuce "daddaɗan ƙamshi" da "ni'imtaccen ƙamshi" daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ya bar gonarsa ya tafi roron ta wani.

Asarar da ake yi a nan babba ce, domin hanci ya fi sauran gaɓoɓi kusa da ma'ajiyar tunani. A shekarar 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano yadda hanci ke rarrabe abin da ya shaƙa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam na da nau'in na'urorin shaƙa kusan 400 a cikin hancinsa. Saƙon ido da na kunne sai sun ya da zango a wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin a rarraba su, shi kuwa na hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sassan da ke kula da shauƙi da ajiyar abin da ya wuce. Shi ya sa dattijo kan gifta ƙofar wani gida, hayaƙin turaren wuta ya bugi hancinsa, ya tsaya cak idonsa ya cicciko, tun bai gane ɗakin kakarsa ya tuna ba. Marubucin Faransa Marcel Proust ya hau wannan dokin a littafinsa mai juzu'i bakwai da ya fara fitowa a 1913, inda ɗan gutsuren biredi mai zaƙi da aka tsoma a shayi ya dawo wa mai ba da labari da garin yarintarsa ɗungurungum. Mu da muke da alkaki da nakiya da daddawa ba mu da dalilin zuwa aro.

Ƙamshi kuma yana ɗaure labari a lokacinsa. Da yake lissafin wata muke bi, Sallah kan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta zagaye damina da rani cikin kusan shekara 33. A shekarar 2000 an yi Ƙaramar Sallah sau biyu, a Janairu da Disamba, duka cikin hunturu. Yaron wancan lokaci Sallarsa ta ƙura ce da man kaɗe a kan kaushi da hayaƙin jin ɗumi. A 2013 cikin Agusta ta faɗo, tsakiyar damina, lokacin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gasasshiyar masara. A 2024 kuwa Afrilu ce, zafin bazara, turare ya gauraya da gumi tun kafin liman ya iso. Jarumar da ke da shekara 30 a yau, in ta tuna Sallar ƙuruciyarta, sanyi ya kamata ta ji. A yawancin labaranmu Sallah ba ta da yanayi, domin a falo mai na'urar sanyaya ɗaki ake yin ta.

Akwai ma labarin da turaren kansa ke ɗauke da shi wanda ba a taɓa ba. Malamai sun kwaɗaitar da maza su yi wanka su shafa turare zuwa idi, sun kuma ja kunnen mata kan fita da ƙamshi. Saboda haka na maza kan bi titi zuwa filin idi, na mata ya zauna a ɗaki, cikin kasko da humra da kajiji, sanin da uwa ke miƙa wa 'ya, wanda matan Barno suka yi suna a kai. Ga kuma Bintu Sudan, turaren da wani kamfanin Ingila ya haɗa tun 1920, wanda kakanninmu suka mayar nasu. A gidaje da yawa kwalbar da ake buɗewa ranar idi ita ake yayyafa wa likkafani. Mace ta yi Sallar farko bayan rasuwar mahaifinta, ƙaninta ya shigo gaishe ta da irin turaren tsohon a rigarsa: wace jimla ce za ta fi wannan sa mai karatu kuka?

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce mai karatu ya gaji da hayaƙin murhu a gidansu, ya zo littafi ne ya huta, a bar shi ya shaƙi na masu kuɗi. Wannan gaskiya ne, kuma ba ma ƙin a rubuta gidan attajiri. Sai dai ko bambancin mai shi da mara shi ake son nunawa, hanci ya fi rasit iya aikin. A ɗauki gidan da bana ba a samu halin layya ba. Ƙamshin suyar maƙwabta na tsallako katanga, yara sun yi jugum, uwar ta ɗora tukunyar da ba komai a ciki sai ruwa da albasa don gidan ya yi hayaƙi, maigidan yana zaure yana barcin ƙarya. Ba a ambaci naira ko ɗaya ba, amma mai karatu ya san komai. Daga baya idan sallamar yarinya ta zo da kwano a rufe daga maƙwabta, ya san abin da layya take nufi.

Abin da ya sa muka matsa a kan wannan shi ne lokaci na tafiya da waɗannan ƙamshin. Gas na maye gurbin itace a birane, cincin ya koma na saye a roba, kai da ƙafa a ba masu babbaka a bakin titi. Wayar da ke hannunmu ta adana hoton kowace kwalliya da sautin kowace algaita, amma ba ta iya ɗaukar ƙauri. Wannan ajiyar ta rubutu ce kaɗai. Marubucin da ke shirin labarin Sallar bana, kafin ya buɗe wayarsa ya fara bugawa, ya leƙa madafi ranar jajibere ya ɗan jima a tsaye.