Saniyar Poli, Ƙudan Tsando da Namun Daji: Sharhi a kan Binciken Achukwi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan ayyuka uku na Mbunkah Daniel Achukwi, masanin cututtukan dabbobi ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya daɗe yana bincike a cibiyar Wakwa da ke kusa da Ngaundere. Ayyukan sun shafi cutar sammore da ƙudan tsando da wasu gajerun shanu na ƙasar Poli. Manufar takardar ita ce ta nuna inda binciken ya yi ƙarfi da inda ya bar giɓi, sannan ta jawo hankalin ɗalibin harshe ga matsalar da ke tasowa idan aka zo bayyana irin wannan ilmi da Hausa.

2.0 Poli da Shanunta

Poli ita ce hedikwatar gundumar Faro, kudu da Garwa, a cikin duwatsu. Yamma da ita akwai Gandun Dajin Faro, wanda aka keɓe a 1947, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1980. A cikinsa akwai ɓauna da gadu da mazo da dorina da kada. Ƙudan tsando yana shan jinin waɗannan dabbobi, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ƙwayar da ke haddasa sammore ba tare da sun kwanta ciwo ba. Idan ƙudan ya tashi daga jikin gadu ya sauka a kan saniya, sai ta fara zazzaɓi, jininta ya ragu, ta rame, wani lokaci ta mutu.

Bahaushe ya san wannan ƙuda. Saboda ciwon barci da yake kawo wa mutane aka yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau a zamanin Turawa, aka sare kurmin bakin rafuka, aka kafa garin Takalafiya. Abin da ya bambanta Poli shi ne mutanenta, wato Doyayo, sun daɗe suna riƙe da shanu a ƙasar da makiyayi mai farar saniya ke ɗari-ɗari da ita. Shanun nasu gajeru ne, ba su da tozo, irin waɗanda Hausawa ke kira muturu. Nigel Barley, wanda ya zauna da Doyayo ya kuma buga littattafai biyu a kansu a 1983, ya nuna cewa da waɗannan shanu ake biyan dukiyar aure, kuma da fatarsu ake naɗe mamaci.

3.0 Abin da Binciken ya Gano

Aikin farko ya fito a 1997 a mujallar Tropical Animal Health and Production. Achukwi da abokan aikinsa sun tara shanu iri huɗu: na Poli, da na Kapsiki daga duwatsun Mandara, da Ndama wadda aka riga aka san tana jure sammore, da Gudali wadda aka san ba ta jurewa. Suka sa musu ƙwayar Trypanosoma congolense da gangan, suka riƙa auna yawan ƙwayar a cikin jini da raguwar jinin da kuma nauyin jiki. Sakamakon ya nuna cewa saniyar Poli ta tsaya kusa da Ndama, ita kuwa ta Kapsiki ta faɗa sahun Gudali. Da aka duba alamomin gado, sai aka ga jinin shanu masu tozo ya shiga Kapsiki sosai, fiye da yadda ya shiga ta Poli.

Ƙarfin wannan aiki yana cikin tsarinsa. An ajiye ma'auni biyu a gefe biyu, mai juriya da marar juriya, ta yadda mai karatu zai ga inda kowace saniya ta faɗa. Haka kuma aikin ya rushe zaton da ake yi cewa duk saniyar da ake lissafawa cikin marasa tozo mai juriya ce. Ta Kapsiki ta nuna cewa suna da kamanni ba su isa hujja ba.

Sai dai ana iya yi wa aikin ƙorafi guda. Saniyar da aka sa wa ƙwaya iri ɗaya, tana ƙarƙashin kulawar masu bincike, ba daidai take da wadda ke kiwo a bakin kogi da rani ba, ga yunwa ga kaska, ga cizon ƙuda kullum. Aiki na biyu, na 2009, ya zo kamar amsa ga wannan ƙorafi, domin a cikinsa an duba shanun ne a inda ƙudan ke cizon su da kansa. Abin da aka samu shi ne waɗanda jinin masu tozo bai yi yawa a jikinsu ba su ne masu juriya. A nan ne binciken ya taɓa rayuwar mutane kai tsaye. Manomin da ya kawo babban bijimi mai tozo don ya sami manyan 'yan maruƙa zai ga riba a kasuwa, amma a hankali yana zubar da gadon da ya sa garkensa ke rayuwa a gefen daji. Irin shanu kuwa idan ya narke cikin wani, ba a sake tace shi.

Aiki na uku ya fito a 2017 a mujallar Parasites & Vectors, tare da Sen Claudine Ngomtcho da wasu masana. An kama ƙudaje a Gamba da Dodeo, aka ɗebi jinin shanu, aka nemi ƙwayoyin ta hanyar binciken sinadarin gado. Cikin abin da aka gani har da Trypanosoma grayi, ƙwayar da masana suka daɗe da sanin ta kada ce.

4.0 Giɓin da ya Rage

Sammore al'amari ne mai ƙafa uku kamar murhu: ƙuda da saniya da naman daji. Ayyukan nan uku sun auna saniya, sun tsaga cikin ƙuda, amma naman daji ana hango shi ne kawai ta hanyar sawun da ya bari a jikin waɗancan biyun. Akwai uzuri, domin ɗibar jinin ɓauna ko kada yana buƙatar izini da kuɗi da kayan aiki. Duk da haka, tambayar da ta fi damun mai kiwo a kusa da Faro tana can: wace dabba ce ta fi ciyar da ƙudan da ke cizon shanunsa, a wane mashayi, a wane wata?

Wannan tambaya tana da nauyi saboda tarihi. A Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, Turawan mulki sun shafe shekaru suna harbe namun daji don su hana ƙudan tsando abinci. Binciken da ya tsaya a cewa cuta daga daji take, bai fayyace ba, yana iya zama hujja a hannun mai son a share daji, ko kuma mai son a kori makiyayi. Haka nan, ganin alamar ƙwayar kada a jikin ƙuda ko saniya bai tabbatar da cewa tana sa saniya ciwo ba. Alama daban, ciwo daban, kuma wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan bambanci.

Giɓi na biyu shi ne muryar masu shanun. Kafin a auna jinin saniyar Poli, Doyayo sun san inda take iya kiwo. Fulanin da ke ratsa yankin su ma sun san kwarin da ake kauce wa da damina. Ayyukan sun ɗauki saniyar a matsayin abin gwaji, kuma an rubuta su da Ingilishi a yankin da ake karatu da Faransanci, ake ciniki da Fulatanci.

5.0 Darasi ga Ɗalibin Harshe

Abu na farko shi ne suna. A kan aikin 1997 an kira shanun Namchi, sunan da maƙwabta suka laƙaba wa Doyayo, wanda kuma ake ɗauka na raini ne. A kan aikin 2009 an gabatar da Doayo, aka bi shi da tsohon sunan. Wannan gyara ne da ya cancanci yabo, kuma mai fassara ya kamata ya bi shi.

Abu na biyu shi ne zaɓen kalma. Idan aka ce saniyar Poli tana da kariya ko garkuwa daga sammore, an ɓata ma'anar binciken gaba ɗaya, domin tana kamuwa. Abin da take yi shi ne ta danne ƙwayar, jininta bai zube ƙasa ba. Kalmar da ta dace ita ce juriya. Haka kuma kalmar cima-zaune, wadda ake iya ara don halittar da ke rayuwa a jikin wata, tana ɗauke da zargi. Ta dace da kaska a kunnen sa, amma ba ta bayyana zaman da ke tsakanin ƙwayar da gadu ba, inda baƙo da mai masauki suka saba da juna. Ga gadu, mai masauki ta fi dacewa, kuma ta fi rumbun cuta adalci, domin wannan ta biyun tana yanke masa hukunci tun kafin a gama shari'a.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Achukwi ya tabbatar da juriyar saniyar Poli da ma'auni, ya nuna cewa barbara da masu tozo tana rage ta, sannan ya buɗe ƙofar duba abin da ke gudana tsakanin ƙuda da daji. Abin da ya rage shi ne a auna naman dajin kansa, a kuma tattara sunayen da Doyayo da Fulani da Hausawan yankin Garwa ke ba ƙudaje da cututtuka da mashaya. Aiki na farko na likitan dabbobi ne. Na biyu kuwa yana jiran ɗalibin harshe.